Me Ya Haɗa Ɗakin Tiyata Da Wasan Kwaikwayo?

Assalamu alaikum masu karatu. Cikin wasiƙun da suka iso a wannan watan, shida hanya ɗaya suka bi, duk kan kalmomin Turanci na wasan kwaikwayo da na fim, sai na ware su na haɗa wuri guda. Na yi shekara 27 ina koyar da Turanci a makarantun sakandare, kuma a yawancin shekarun nan ni ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai. Na daɗe ina furta waɗannan kalmomi a bakin dandamali kafin in bi sawunsu in ga inda suka fito.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata takwas a ɗakin tiyata. Ƙanena da ke jami'a ya ce sashen da yake karatu sunansa Theatre Arts, wai wasan kwaikwayo suke koyo. Mu ma Theatre aka rubuta a ƙofar ɗakin aikinmu. Mu rai muke ƙoƙarin cetowa, su kuwa wasa suke yi. Ta yaya suna ɗaya ya haɗa mu? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Gusau.

AMSA: Malama, Allah ya saka muku da alheri kan aikin da kuke yi. Abin da ya haɗa ku da ƙanenki shi ne 'yan kallo, sai dai ku kun daɗe da sallamar naku.

Kalmar ta Girkanci ce, theatron, wato wurin kallo, daga wani aikatau mai nufin zuba wa abu ido. Tun asali mazaunin masu kallo kawai take nufi, ban da wasan, ban da filin da 'yan wasa ke tsayawa. A birnin Atens, fiye da shekara 2,400 da suka wuce, gangaren dutse ake samu, jama'a su zazzauna hawa-hawa, na baya ya fi na gaba tudu, kowa yana hangen filin da ke ƙasa. Da farko bencin katako ne, daga baya aka sassaƙa mazaunai na dutse. Wanda ke garin Epidaurus na ƙasar Girka, ginin ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, yana nan tsaye, yana ɗaukar mutum wajen 14,000, kuma har yau ana wasa a cikinsa. Rumawa suka ari kalmar suka ce theatrum, ta ratsa ta Faransanci, ta shiga Turanci a ƙarni na 14.

To ina asibiti ya shigo? Da likitocin Turai suka fara buɗe gawa don koya wa ɗalibai yadda jikin ɗan Adam yake, sai matsalar gani ta taso. Mutum ɗari ba za su kewaye tebur ɗaya kowa ya ga hannun malami ba. Sai aka koma wa dabarar Girkawa. A jami'ar Paduwa ta Italiya, a 1595 aka buɗe wani ɗaki mai siffar mazurari, tebur a can ƙasa, hawa shida na katako sun zagaye shi, ɗalibai a tsaye suna leƙowa. Da aka zo ga yi wa masu rai aiki, tsarin bai canza ba. A Landan akwai tsohon ɗakin aiki na asibitin St Thomas, na 1822, wanda yanzu gidan tarihi ne. Teburin katako ne a tsakiya, matakan tsayuwar ɗalibai sun kewaye shi ta gefe uku, a ƙarƙashinsa kuma akan ajiye akwatin garin katako don tarar jini. Na ɓangaren mata ne, kuma a lokacin babu maganin sa barci, don sai a 1846 aka fara gwada shi a gaban jama'a a Boston ta Amurka, shi ma a irin wannan ɗaki mai 'yan kallo. Nakan yi tunanin matar da aka kwantar a kan teburin nan idonta biyu, ga wuƙa, ga idanun samari birjik a samanta. Sai in ƙara gode wa Allah da ya kawo mu zamaninku.

Ƙwayoyin cuta ne suka kori 'yan kallon. Daga ƙarshen ƙarni na 19, da aka tabbatar cewa ta hannu da tufafi da ƙura cuta ke shiga ciwo, sai aka cire matakan, aka rufe ƙofa, sunan kuma ya ƙi tashi. Amurkawa sun fi cewa operating room. Turawan Ingila suka riƙe theatre, kuma da yake ta hannunsu asibitin zamani ya zo mana, daga bakinsu muka ji.

Abin da Bahaushe ya yi da kalmar shi ya fi burge ni. Ya ji ana cewa an shiga da wane tiyata, sai ya ɗauke sunan daga kan ɗakin ya ɗora wa aikin. Yau muna cewa an yi mata tiyata, likitan tiyata, har da ɗakin tiyata. Babu Baturen da zai ce an yi masa theatre. Wannan ma'anar mu muka haife ta, don haka kalmar ta zama tamu, kada kowa ya ji nauyin faɗinta. Shekara shida da suka wuce aka yi wa maiɗakina tiyata. Na zauna a benci daga hantsi har bayan azahar, ba abin da nake kallo sai kalmar nan a saman ƙofa. Wata abokiyar aikinki ce ta leƙo ta ce mini, Baba an gama lafiya. Har gobe ina tuna fuskarta.

TAMBAYA: Malam, ina koyon rubutun fim. A wurin aiki kowa na cewa sin, set, lokeshan, wani malami kuma da ya yi mana bita yana ta nanata setting. Ni dai duk wuri nake jin suna nufi. Akwai bambanci, ko yawan Turanci ne kawai? Daga wani matashi, Kano.

AMSA: Ɗana, akwai bambanci, kuma marubuci ya fi kowa buƙatar riƙe shi, don abin da ka rubuta a takarda shi za a kashe wa kuɗi.

Mu fara da scene, wadda kuke kira sin. Asalinta skene, bukka ko tanti a Girkanci. 'Yan wasan Girka maza ne zalla, kuma a manyan wasanninsu masu magana ba sa wuce uku, ko da labarin na da mutum goma. Mutum ɗaya zai fito a sarki, ya koma ya fito a tsohuwa, ya sake komawa ya fito a ɗan aike. Tufafi yake sauyawa da abin rufe fuska. Dole a sami inda zai ɓuya ya yi wannan sauyin, sai aka kafa 'yar rumfa a bayan fili. Da yake rumfar tana fuskantar 'yan kallo, sai aka fara yi wa gabanta zane, yau ta zama fada, gobe ɗakin bauta. Daga nan ma'anar ta yi ta gangarowa, daga rumfar zuwa zanen da ke jikinta, daga zanen zuwa wurin da ake nuna abu ya faru, har ta sauka kan guntun wasan da ya gudana a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan na ƙarshen shi ne sin ɗinku. Marubutan wasan kwaikwayo na Hausa tuni suka raɗa masa suna, fitowa, babban yankin da ya haɗa fitowa da yawa kuma kashi. Kashi na ɗaya, fitowa ta biyu. Ni dai na fi son fitowa, kuma ina so ka riƙa rubuta ta a takardunka. Ta faɗi ainihin abin da ke faruwa, har ta dace da tsohuwar rumfar, tunda daga cikinta ake fitowa.

Setting ba daga Girkanci ta fito ba. 'Yar gida ce a Turanci, daga set, ajiye abu ko zaunar da shi, 'yar'uwar sit ta zama. Ita muka ara muke cewa saiti, a saita agogo, a saita waya. Ka taɓa tsayawa wurin maƙerin fari yana haɗa zoben azurfa? Gurbin nan da yake dasa dutse a ciki, Bature setting yake ce masa. Haka setting na labari yake, gurbin da aka dasa labarin, wato wuri da zamani da yanayin rayuwar mutanen. Set kuwa shi ne abin da aka ƙera ko aka shirya don idon kyamara, bangon katako, labule, kujeru. Ƙananan kayan da ɗan wasa ke ɗauka, kamar sanda da carbi da ƙwarya, su ne props, gajeren properties, kayan da ƙungiya ta mallaka. Location daga locus ta Latin take, wuri, kuma a bakin 'yan fim tana nufin wurin gaske da aka fita aka je aka ɗauka, ba cikin situdiyo ba.

Ga misali. Ka rubuta labarin wani ɗan dako a Kano a 1965, zamanin dalar gyaɗa. Wannan ne setting. Kano ta yau ba za ta ba ka wannan hoton ba, sai ku tafi wani ƙauye a Jigawa inda gidajen ƙasa suke tsaye, wannan lokeshan ke nan. A ƙofar wani gida ku kafa teburin mai tireda, wannan set. Minti ukun da yaro ya zo sayen kananzir, fitowa ɗaya ke nan. To in yaron ya miƙa naira, an ɓata gurbin, don sai a Janairun 1973 naira ta zo, kafin nan fam da sule ake kashewa. In A Daidaita Sahu ta gifta a baya ma haka.

A nan ne raunin finafinanmu ya fi ba ni ciwo. Akan sami lokeshan mai kyau a manta da setting. Labari ya ce maigida leburan kasuwa ne, amma ga shi a falo mai tayil da labule na alfarma, don gidan da aka samu aro ke nan. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya dame shi ba, amma zuciyarsa ta riga ta ƙi yarda. Ni ma a makaranta na koyi wannan. Mun yi wani wasa na zamanin kafin zuwan Turawa, bayan an tashi wani dattijo cikin iyayen yara ya ja ni gefe ya ce, Malam, wasa ya yi kyau, amma a wancan zamanin talaka ba ya shiga gaban sarki da takalmi. Tun daga ranar, kafin mu ɗinka ko riga ɗaya sai na kwashi yaran mun je mun zauna gaban tsofaffi.

TAMBAYA: Malam, mu a Nijar da Faransanci muka yi karatu. Gwajin wasa répétition muke ce masa, ma'anarsa a fili take, maimaitawa. Abokanmu na Najeriya kuma rehearsal suke cewa. Daga hear ta ji ta fito? Daga wani malamin makaranta, Damagaram.

AMSA: Malam, sannu da fama da yara. Ba ta da alaƙa da ji, rubutun ne ya yi kama. Kalmar ma daga harshen da ka yi karatu da shi ta fito, kuma daga gona. Ka san herse, ƙarfen nan mai haƙora da ake ja a gona bayan huɗa don farfasa dunƙulen ƙasa, abin da manomanmu ke kira haro. A tsohon Faransanci rehercier na nufin a sake bin gona da shi. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Turanci, wannan na cikinsu. Da farko tana nufin sake faɗin magana, sai a ƙarni na 16 ta zama ta 'yan wasa. Faransawa suka bar ta a gona, Turawan Ingila suka hau dandamali da ita.

Ranar da na fara karanta wannan, gonar mahaifina ta faɗo mini a rai. Bayan noman farko, in ciyawa ta sake ɗagowa, sai a koma a bi gonar kunya-kunya, mu ce ana maimai. Ga maimai, ga maimaitawa, tushe ɗaya. Manomin Faransa da manomin gero na ƙasar Hausa ba su taɓa haɗuwa ba, amma kowannensu ya haɗa sake bin gona da sake yin abu. Daga baya in yara suka fara ƙorafin gwaji na biyar, sai in tambaye su wa ya taɓa cika rumbu da noma ɗaya. 'Ya'yan manoma ne, nan take suke komawa layi.

TAMBAYA: Malam, jaridu kan ce wane yana cikin limelight. Lime ai lemon tsami ne. Me ya haɗa shi da shahara? Daga wata ɗaliba, Kaduna.

AMSA: 'Yata, lime ba ɗaya ba ce a Turanci, rubutu ɗaya, asali daban. Wannan ta farar ƙasa ce, irin wadda ake ƙonawa daga dutse a yi shafen bango. A shekarun 1820 aka gano a Ingila cewa in aka hura wa dunƙulenta harshen wuta mai tsananin zafi, takan yi fari fat ta ba da haske mai kashe ido. A 1837 aka yi amfani da ita a gidan wasa na Covent Garden a Landan. Mutum guda ne ke zaune yana kula da wutar, yana juya hasken kan babban ɗan wasa duk inda ya nufa, saura suna cikin duhu-duhu. Lantarki ya zo ya ture ta, gidan wasa na Savoy tun 1881 da shi yake aiki, amma maganar ta zauna. In za ki fassara, kada ki ce yana cikin haske. Ki ce tauraruwarsa na haskawa, ko shi ake yayi, ko ido na kansa.

TAMBAYA: Malam, ina cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo na rediyo, muna wasannin wayar da kai kan rigakafi da karatun 'ya'ya mata. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya ce in daina, wai ko a wajen Turawa kalmar hypocrite, wato munafuki, asalinta ɗan wasan kwaikwayo take nufi. Maganar ta tsaya mini a rai. Gaskiya ne? Daga wata 'yar wasa, Sakkwato.

AMSA: 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya saka wa kawu da alheri. Abin da ya faɗa game da asalin kalmar haka yake, kuma da ji ka san mai karatu ne. Sai dai labarin yana da ci gaba.

Wasan Girka da waƙar taro ya fara. Akwai ayarin mawaƙa da ake kira chorus, kusan abin da muke ce wa 'yan amshi, suna waƙa suna rawa a wani zagayayyen fili mai suna orchestra, sunan da yau ya koma kan ƙungiyar makaɗa. Girkawa sun ce wani mai suna Thespis, wajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara ware kansa daga ayarin ya tsaya yana mayar musu da magana da bakin wani mutum na cikin labari. Irin wannan mai wasan aka kira hypokrites, wato mai amsawa. Babu zagi a ciki, sana'a ce da ake gasa a kanta har a ba da kyauta. Daga baya aka fara jifan wanda ke yin wasa a inda ba filin wasa ba da wannan suna. A Linjila ta Girkanci da shi aka kira masu ibada don idon mutane, kuma ta wannan hanyar kalmar ta bi Latin da Faransanci ta shiga Turanci a wajen ƙarni na 13. Tun shigarta munafuki take nufi, ɗan wasa kuwa actor ake ce masa, mai aikatawa.

Kin ga ke nan sai da kalmar ta bar filin wasa sannan ta zama zagi. Ke in za ku fara shiri, mai gabatarwa kan sanar cewa ga wasan kwaikwayo. Matar da ke saurare a tsakar gida ta san ba ke ce uwar da ta hana ɗanta rigakafi ba, ke ma kin san ta sani. Munafuki kuwa duk jarinsa kada a gane shi. Malaman luggar Larabci ma sun danganta kalmar munafiƙ da ramin wani ɓeran jeji mai ɓoyayyiyar ƙofa, ya shiga ta nan ya sulale ta can. Kuma da asalin kalma ne ke yanke hukunci, da babu wanda zai tsira a Turanci, don person, wato mutum, daga persona ta Latin take, abin rufe fuskar ɗan wasa.

Wannan ɓangaren harshe ke nan. Hukuncin addini kan sana'ar na malamai ne, ki nemi wanda kawu ya yarda da shi ku tambaya tare. Amma ina zaton ba kalmar ce ke damunsa ba. Wanda ya riƙe marainiya yakan kwana da tunanin lokacin da take dawowa gida, da su wa take aiki, da abin da mutane za su ce. Ki je ki durƙusa ki gaishe shi, ki tambaye shi abin da yake tsoro, ki saurara har ya gama. Sannan ki roƙe shi ya zauna ku ji shiri ɗaya tare, wanda kika fi alfahari da shi.

TAMBAYA: Malam, muna yara motar majigi kan zo ƙofar fada bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, gari duk ya fito. Jikokina sun ce ba su san kalmar ba. Majigi Hausa ce? Daga wani dattijo, Zariya.

AMSA: Ranku ya daɗe, Baba. Ta zama Hausa, amma baƙuwa ce. Daga magic lantern take, wata fitila da aka ƙera a Turai a ƙarni na 17, mai haska hoton da aka zana a gilashi ya fito ƙato a bango. Bahaushe ya yar da rabin sunan ya gyara rabin, da motocin gwamnati suka fara yawo da hoto mai motsi kuma sai sunan ya bi su. Ita magic ɗin ma in aka bi ta, ana isa ga malaman addinin tsohuwar Farisa, waɗanda Larabawa ke kira Majusu. Silima kuwa daga cinema, ita kuma daga kinema ta Girkanci, motsi. A Faris, cikin Disambar 1895, wasu 'yan'uwa biyu 'yan gidan Lumière suka nuna irin wannan hoton ga masu biyan kuɗi. A wancan zamanin mutanenmu sun raba su sarai: majigi kyauta ne a fili, hukuma ke kawowa da saƙonta na tsafta ko noma, silima kuwa gida ne mai katanga da tikiti.

Baba, a motar majigi akan sami mai bayani da ke riƙe da lasifika yana fassara wa jama'a abin da ke kan ƙyallen. In kun tuna irin maganganun da naku yake yi, da abin da yara ke amsa masa, don Allah ku sa ɗaya cikin jikokin ya rubuto mana, zan ba shi wannan shafin gaba ɗaya.